Dalilin da Ke Sa UPS Ƙin Tashi Bayan Doguwar Ajiya, Ko da Akwai Wuta a Bango

Abin da ke ɗaure wa mutane kai game da na'urar UPS (mai riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke) da ta daɗe a ajiye shi ne, ga wuta a bango, ga waya an jona, amma ka danna maɓalli ta yi maka gum. Babu ƙara, babu fitila. Wata kuma takan yi 'yar ƙara sau ɗaya sannan ta koma shiru. A lissafin mai ita, ko da batir ya mutu ai ya kamata wutar bango ta wuce ta kai ga kwamfuta, tunda batir ba shi da aiki sai an ɗauke wuta. Daga nan sai a yanke hukunci cewa allon cikinta ya ƙone, a tura ta ƙarƙashin tebur, ko a miƙa wa 'yan gwangwan a karɓi abin da ya samu. Alhali mafi yawan irin waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau. Batir ne ya mutu, kuma yadda aka ƙera su ne ke sa mutuwar batir ta yi kama da mutuwar na'urar baki ɗaya.

A yawancin ƙananan UPS, irin masu 650VA zuwa 1500VA (VA ma'aunin nauyin kayan da suke iya ɗauka ne) da ake gani a ofisoshi da shagunan buga takardu da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, ƙwaƙwalwar na'urar daga batir take shan wuta. Kafin wutar bango ta wuce zuwa soket ɗin baya, sai ƙwaƙwalwar ta farka, ta auna ƙarfin wutar da ke shigowa, ta gamsu da shi, sannan ta umarci wani ɗan makunni mai aiki da maganaɗisu, wato rile, ya haɗa hanya. Wannan 'yar ƙarar "ƙas" da ake ji idan an kunna lafiyayyar UPS, ta rilen ce. Idan batirin da ya kamata ya ba da bolt 12 ya faɗi zuwa 5 ko 6, ƙwaƙwalwa ba za ta farka ba, rile ba zai motsa ba. A wasu ƙirar ma, cajar cikin na'urar ba ta fara aiki sai ƙwaƙwalwa ta ba ta izini. To ka ga an shiga tsaka mai wuya: caja na jiran ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa na jiran batir, batir na jiran caja. Ba duka ba ne haka, akwai waɗanda da zarar an jona su a bango suke fara tura wa batir caji ko ba a kunna ba, amma ko su ɗin sukan ƙi taɓa batirin da ya faɗi ƙasa sosai, don suna ɗaukarsa kamar babu shi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya kashe batirin da ba a yi aiki da shi ba? Sai an leƙa cikinsa. Wannan baƙin akwatin mai 12V 7Ah (wato bolt 12, Ah kuma ma'aunin yawan wutar da yake riƙewa ne) jikan batirin dalma da asid ne da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, kuma asalin aikinsa bai canja ba tun wancan lokacin. Ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki na ba da kimanin bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir mai hutawa yake nuna 12.6 zuwa 12.9, ba 12 daidai ba. A kowane ɗaki akwai farantan dalma iri biyu da asid mai farar wuta. Babban bambancinsa da batirin mota shi ne an shanye asid ɗin a cikin wani shimfiɗi na zaren gilas, aka rufe shi, don kada ya zube. Duk lokacin da batir ke sauka, asid na haɗuwa da dalma, wani farin gishiri na kwanciya a jikin farantan, ruwan kuma na tsinkewa. Caji ne ke narkar da gishirin ya mayar da shi asid. Haka ake ta yi kullum, ba matsala.

Matsalar tana zuwa ne idan gishirin ya zauna. Sabon gishiri gari ne mai laushi, caji kaɗan ke ɗauke shi. Idan aka bar shi makonni da watanni, sai ƙwayoyinsa su riƙa haɗuwa suna girma suna tauri, har su kai inda caji ba ya iya fasa su. Kamar ƙanzo ne a tukunya: wanda aka jiƙa da daren nan da hannu ake wanke shi, wanda ya yi mako kuwa sai an kankare, wataƙila ma a huda tukunyar. Duk wurin da wannan gishirin ya daskare a jikin faranti ya fita daga aiki ke nan, kuma yana tare wa wuta hanya. Batir mai 7Ah sai ya koma mai 2Ah ko ƙasa da haka, ga shi kuma ba ya iya sakin wuta da yawa a lokaci guda.

Shi kuma batirin dalma ko babu abin da aka jona masa yana sauka da kansa. A wuri mai sanyin digiri 20 zuwa 25, yakan zubar da kimanin kashi 3 cikin 100 a wata. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka wannan saurin. Yanzu ka tuna ɗakin ajiya mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40, ƙofa a kulle, taga a rufe. Abin da zai ɗauki shekara a ƙasa mai sanyi, a nan cikin wata uku ko huɗu zai faru. Shi ya sa littattafan da ke zuwa da na'urorin kamfanin APC suke cewa a yi wa batir caji duk wata shida idan wurin ajiyar bai wuce digiri 30 ba, amma duk wata uku idan yana tsakanin 30 da 45. Mu a kashi na biyu muke kusan rabin shekara. Haka ma tsawon ran batirin: shekara uku zuwa biyar da ake faɗa, lissafin digiri 25 ne, kuma zafi na yanke shi biyu a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10.

Akwai kuma ɓarawon cikin gida. UPS ɗin da aka kashe da maɓalli ba ta mutu gaba ɗaya ba, akwai ɗan sashen da ke zaune a faɗake yana jiran a danna maɓallin, kuma daga batir yake ci. Abin da yake ja kaɗan ne ƙwarai, amma dare da rana ne. A ɗauka yana jan kashi 2 cikin 1000 na amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake ja) kawai. A wata guda mai awa 720 ya cinye kusan 1.4Ah, kafin wata biyar ya gama da batir mai 7Ah, ba a ma sa saukar da batirin ke yi da kansa a lissafi ba. Ofishin da aka kulle na tsawon wata takwas, irin tsawon yajin aikin malaman jami'o'in Nijeriya na 2022, ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Sannan ga abin da ya fi duka muni, wanda kuma shi ya fi yawa: da wuya a ajiye UPS da cikakken caji. Yawanci an ɗauke wuta ne, ta yi ta kuka har ta mutu, aka zare ta aka ajiye. Gishirin ya riga ya rufe farantan tun ranar farko, sauran watannin na daskarewa ne kawai.

Duk da haka, ba da sukundireba ake farawa ba. Akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi. A zare duk abin da aka jona a bayanta. A gwada soket ɗin bangon da fitila ko cajar waya, a kuma canja wayar da ke shiga na'urar idan irin mai cirewa ce, wayar kwamfutar tebur na shiga daidai. A bayan na'urar, ko dai akwai ɗan maɓallin da ke fitowa waje idan kaya sun yi yawa, sai a mayar da shi, ko kuma akwai fiyus na gilas a cikin wata 'yar aljihu a ƙarƙashin inda waya ke shiga. Mutane da yawa ba su san da wannan aljihun ba, kuma sau da yawa har da fiyus na biyu na ajiya a ciki. Maɓallin kunnawar ma wasu ba taɓawa ake yi ba, riƙewa ake yi na daƙiƙa biyu ko uku. Idan kuwa na'urar sabuwa ce a kwali, ba a taɓa aiki da ita ba, a duba ko an haɗa batirin ma tukuna, domin wasu kamfanoni, ciki har da APC, sukan turo su da waya ɗaya a cire ko da filogin batir a zare.

Wutar da ake gwajin da ita ma abin dubawa ce. Ƙa'idar wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, a Nijar 220, duka mai kaɗawa 50 a daƙiƙa. Kowace UPS na da iyakar da take karɓa, a rubuce a jikinta ko a littafinta. Ranar da aka kawo rabin wuta, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, na'urar za ta ƙi karɓa ta nemi komawa kan batir, batir kuma babu. Ƙaramin janareto ma haka, kaɗawarsa na hawa da sauka, UPS da yawa ba sa yarda da wutarsa. Kada a yanke wa na'ura hukunci a kan irin wannan wutar. Idan an samu wuta mai kyau, a jona ta a bar ta ta kwana, awa 8 zuwa 24, ba tare da komai a bayanta ba, ana taɓa jikinta lokaci-lokaci. Wadda batirinta bai yi nisa ba takan farfaɗo da wannan kaɗai.

In ta kwana ba labari, sai buɗewa. A nan akwai hatsari guda biyu da ya kamata a sani. Na farko, zare waya daga bango ba ya nufin babu wuta a ciki, aikin UPS ke nan ta samar da bolt 230 daga batir, kuma manyan kafasitocin cikinta, wato 'yan gwangwanayen da ke kan allo, kan riƙe wuta bayan an kashe. A manyan na'urori, wannan wutar na kaiwa kusan bolt 400. Na biyu, ɗan batirin nan da ake rainawa, idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, yana iya sakin sama da amfiya 100 nan take. A cire zobe da agogon ƙarfe. Idan na'urar na da ƙofar batir a ƙasa ko a gaba, nan kaɗai za a buɗe, allon ciki a bar wa mai gyara.

Ido ne zai fara aiki kafin mita, wato na'urar auna bolt. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko farin gari ya taru a kawunansa, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, an gama da shi, kada a sa masa caji ko don gwaji. Wani kumburin kan yi yawa har batir ya maƙale a cikin akwatin, sai an kwance jikin na'urar kafin ya fito. Idan jikinsa lafiya, a zare wayoyinsa a auna shi shi kaɗai da mita. Daga 12.6 zuwa sama, cike yake. Wajen 12.2, kusan rabi. Ƙasa da 11.8, babu komai a ciki, kuma tsawon zaman da ya yi a haka shi ne zai nuna ko zai dawo. Idan an yi masa caji ya huta amma ya tsaya a wajen 10.5, lissafin a fili yake: ɗaki biyar sau 2.1 ke nan, ɗaki ɗaya ya mutu, kuma ba ya gyaruwa. Wanda ke nuna 4 ko 6 kuwa ya daɗe da tafiya. A na'urori masu batir biyu da aka jera don su ba da bolt 24, a auna kowanne daban, domin sau da yawa ɗaya ne ke mutuwa ya ja ɗan'uwansa.

Inda mita ke yaudarar mutane shi ne nan. Batirin da gishiri ya cinye, da zarar an sa masa caja sai lambar ta yi tsalle zuwa 14 cikin 'yan mintoci, caja ta nuna kore, mai shi ya yi murna. Ba cika ya yi ba, wutar ce ba ta shiga. An cire caja zai iya nuna 12.8 ma, domin mita ba ta jan komai daga jikinsa. UPS kuwa ja take yi, kuma ba da wasa ba. Kwamfutar tebur da allonta masu cin wat 300, idan za a ciyar da su daga bolt 12, ana bukatar amfiya 25 a lissafi, da asarar da ake yi wajen juya wutar abin na kaiwa kusan 30. Wannan daga batirin da bai fi bulo ƙarami girma ba. Shi ya sa ko sabo ne mintoci kawai yake yi. Yawancin UPS kuma idan aka kunna su sukan gwada batir na 'yan daƙiƙoƙi, to a nan ne mai gishiri ke durƙushewa, na'urar ta yi ƙara ta mutu. Wannan ita ce fassarar alamar nan ta kunnawa da mutuwa nan take.

Don haka gwajin gaskiya sai da kaya. Ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55 ya isa, yana jan kimanin amfiya 4.5. A jona shi a kan batirin, mita na maƙale ana kallo. Lafiyayyen batir mai 7Ah da ya cika zai tsaya sama da 12 a mintocin farko, ya riƙe fitilar kusan awa ɗaya kafin ya sauka zuwa 10.5, inda ya kamata a tsaya. Mataccen kuwa, kafin ka ƙirga goma ya faɗi ƙasa da 11, fitilar ta yi ja. A ganina duk mai gyaran da ya ce maka batir lafiya lau bayan ya ɗora masa mita kawai, bai gama aikinsa ba.

Saura a tabbatar ita na'urar da ranta, kafin a kashe kuɗi. Hanya mafi sauri ita ce a ara mata batir mai kyau na ɗan lokaci, ko na mota ne, muddin bolt ɗin ya yi daidai. Mai batir biyu sai an jera mata biyu. Jar waya a kan alamar tarawa, baƙa a kan alamar ɗebewa, kuma a duba sau biyu, domin juya su na ƙona fiyus ɗin da ke kan allo nan take, wani lokacin har da abin da ya fi fiyus tsada. Ɗan tartsatsin da ake gani wajen haɗa waya ta ƙarshe ba komai ba ne, kafasitoci ne ke cika. Idan ta tashi, an gano mai laifi. Amma kada a tsaya nan, a jona ta a bango a auna abin da take tura wa batir. Ya kamata lambar ta riƙa hawa har ta zauna tsakanin 13.5 da 13.8, ko 27 zuwa 27.6 ga mai batir biyu. Idan ba ta motsa ba, cajar ciki ta mutu, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi. Idan ta haura 14.5 ta zauna can, dafa batir take yi, kuma wataƙila ita ce ta kumbura na farkon.

Tunda an zo nan, bari in taɓo dabarar nan ta fito da wayoyi waje a ɗaura wa ƙaramar UPS ƙaton batirin mota don ta zama inbata. Gwaji na minti biyar daban, zama a haka daban. Tiransifomar cikinta an auna ta ne don aikin mintoci, yawancinsu ko fanka ba su da ita, idan aka sa ta aikin awanni zafi take yi har roba ta narke. Cajarta kuma 'yar ƙarama ce, an yi ta don 7Ah, sai ta kwana biyu ko uku ba ta cika batirin mota ba.

To shin mataccen batirin na farfaɗowa? Wani lokaci, kuma ba duka ba. Wanda ya sauka zuwa 11 ko 10 da wani abu na 'yan watanni yana da dama. A yi masa caji a waje, a hankali, da wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba, wato amfiya 0.7 ga mai 7Ah, har zuwa bolt 14.4, na tsawon yini ko kwana. A jikin batirin an rubuta iyakar da bai kamata a wuce ba, yawanci amfiya 2.1. Wannan ne ya sa kai shi wurin mai cajin batirin mota yake da hatsari, injinsa na tura ninkin-ba-ninkin haka, kafin la'asar batirin ya yi ciki. Cajojin zamani masu ƙwaƙwalwa kuma sukan ƙi fara aiki idan sun ga lambar ta yi ƙasa sosai. Masu gyara kan haɗa shi da lafiyayyen batir na ɗan lokaci, da ƙwan fitila a tsakani don ya rage gudun wutar, har ya ɗaga zuwa inda caja za ta gane shi. Idan ya fara zafi a hannu, a dakata.

Sauran magungunan da ke yawo, irin su ɓalle murfi a zuba asid, ko gishirin Ingilishi, ko ƙwayar asfirin, ba na ba da shawararsu. Batir ne rufaffe, an auna ruwan cikinsa daidai da shimfiɗin da ke riƙe shi, kuma ƙarin asid ba ya narkar da gishirin da ya daskare, sai dai ya ƙara cin farantan. Ko wanda aka farfaɗo da shi ta hanyar da ta dace, abin da ya rasa ya rasa. Zai iya kunna fitila ko ƙaramar fanka, zai iya nuna maka cewa na'urarka na aiki. Amma UPS don daƙiƙar da aka ɗauke wuta aka saye ta, kuma batirin da ya taɓa zama fanko wata shida a wannan daƙiƙar yake ba da kunya. Kwamfutar da ke riƙe da lissafin shago ko sakamakon ɗalibai ta fi kuɗin batir.

Idan an sa batir mai kyau amma har yanzu shiru, to lamarin ya koma kan allo, kuma ajiya na da nata ɓarnar a can ma. Kyankyasai da tsaka da tururuwa na son ɗumi da duhun cikin akwatin, ɓera na cin waya, zanzaro na gini a kafar iska. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a kan allo, damina ta zo ta jiƙa ta da raɓa, sai ta zama hanyar da wuta ke bi inda bai kamata ba. Bakin rile kan yi tsatsa ya ƙi haɗawa. Kafasitoci masu ruwa a ciki su ma suna lalacewa da zama, ana gane wasu da kumburin kai. Akwai kuma fiyus irin na mota, mai amfiya 30 ko 40, a manne a kan allo kusa da wayoyin batir. Duk waɗannan ƙananan gyare-gyare ne ga wanda ya iya. Sai dai ga ƙaramar 650VA, idan aka haɗa kuɗin gyara da na sabon batir, a kwatanta da kuɗin sabuwa kafin a ce a yi.

Manyan inbatoci na gida ma wannan ciwon ne ke kama su, don su ma daga batir suke tashi. Bambancin shi ne baturansu masu ruwa, irin dogayen nan masu 200Ah ko 220Ah, sun fi haƙuri, kuma ana iya leƙa cikinsu. Idan ruwa ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ko na leda ba, kuma a yi cajin a wuri mai iska domin suna fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Baturan lithium da suka yawaita yanzu kuwa labarinsu daban ne. Ba sa yin gishiri, amma suna da allon tsaro a ciki da ke yanke hanya idan ɗaki ɗaya ya faɗi zuwa wajen bolt 2.5. Sai ka auna ka ga sifili ko wata lamba marar ma'ana, ka zaci ya mutu, alhali kulle kansa ya yi. Yawanci cajar da ta dace da shi, ko wutar faranti mai amfani da hasken rana, ko ɗan maɓallin da ke jikinsa, shi ke tayar da shi. Abin da ba a yi shi ne tsallake allon tsaron a tura wuta kai tsaye, domin ɗakin lithium da ya faɗi ƙasa sosai ya daɗe a haka yana iya lalacewa ta ciki, cajinsa kuma ya jawo gobara.

Wajen sayen sabo, a tuna cewa duk abin da aka faɗa game da ajiya ya shafi batirin da ke kan kanta a shago. Ko a Sabon Gari ne a Kano ko a Computer Village ta Ikeja, batirin ya yi tafiyar teku, ya zauna a sito, ya zauna a shago, babu wanda ya yi masa caji. A je da mita, ko a sa mai shagon ya auna a gabanka. Wanda ke ƙasa da 12.5 a bar shi. A duba lambar kwanan wata da ake bugawa a samansa. A ɗaga shi a ji: dalma ce ke riƙe wuta, kuma dalma nauyi gare ta, na gaskiya mai 7Ah yakan kai kilo 2 ko ya ɗan wuce, mai 9Ah wajen kilo 2.5, duk da girman akwatinsu ɗaya ne. Wanda aka rubuta wa 9Ah amma ya fi tsohon naka sauƙi a hannu, rubutun ne kawai. Kawunan ma iri biyu ne, siriri mai faɗin milimita 4.8 da mai faɗi na 6.3, UPS yawanci mai faɗin take so, kuma kan da bai kama da kyau ba zafi yake yi. Mafi sauƙi a tafi da tsohon a gwada. Idan biyu ne a ciki, a canja su tare, sabo da tsoho ba sa zama a layi ɗaya.

Tsohon kuma kada a bar wa yara, kada a fasa shi a tsakar gida don a ciro dalma. Mutanen Zamfara sun san abin da gubar dalma ta yi a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu, ko da yake waccan daga duwatsun haƙar zinare ta fito. Wadda ta fito daga batir kai tsaye ita ce ta Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar, inda yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 a unguwar da ake fasa tsofaffin batura. A mayar da shi a rufe yadda yake ga masu sayar da batir, da yawansu na karɓa su rage maka kuɗi.

Bayan an sa sabon, a bar na'urar a bango aƙalla awa 8 kafin a ɗora mata kaya. Sannan a jona abin da ba za a yi asara ba idan ya mutu, fitila ko allon kwamfuta, a kashe makunnin bango a ga minti nawa za ta riƙe. Wasu na'urorin kan ci gaba da nuna jar fitilar "canja batir" har sai sun sake gwada kansu da cikakken caji, wannan ba laifin sabon batirin ba ne. Idan kuma za a sake ajiye ta, a cika ta tukuna, a kashe, a buɗe ƙofar batir a zare waya ɗaya a naɗe bakinta da salatif, a nema mata wuri mafi sanyi a gidan, ƙasa-ƙasa, nesa da kwano. Duk wata uku a mayar da wayar a jona ta ta kwana. Mai lithium kuwa ba a cike ake ajiye shi ba, wajen rabi ya fi masa, a kashe makunninsa, a riƙa duba shi duk 'yan watanni kada ya gangara har allon tsaro ya kulle.